Tattakin Zamani: Jarumtaka Ce Ko Neman Suna?

A zangon karatun da ya wuce mun ji wasu ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna shawara a gindin bishiyar maina. Wai da zarar sun ajiye alƙalamin jarrabawa za su ɗaura takalma su taka a ƙasa daga Dutse har Abuja, don duniya ta san da zamansu. Da muka tambaye su abin da za su je yi, sai ɗaya ya ce, "Malam, ai duk wanda ya yi irin wannan tafiya manya ne ke tarbarsa." Wannan amsa ce ta sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan mujalla tamu, domin magana ce da ta shafi lafiyar 'ya'yanmu da mutuncinsu.

Da farko dai, doguwar tafiya a ƙasa ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu fatake sukan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja, wato yankin Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, su sayo goro. Tafiyar watanni ce, ƙarƙashin madugu, daga zango zuwa zango. Haka nan kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyata sukan bi ta Borno da Cadi da Sudan a ƙasa. Wasu sukan yi shekaru a hanya suna ƙwadago don su sami guzuri, wasu ma can suka zauna, kuma har yau zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno. Waɗannan mutane ba su fita don a tafa musu ba. Akwai abin da suke nema a ƙarshen hanya, ƙafa kuwa ita ce abin hawan da suke da shi.

A zamaninmu labarin da ya fi tashe shi ne na Malam Suleiman Hashimu, ɗan asalin jihar Katsina. Ya yi alkawarin cewa idan Janar Muhammadu Buhari ya ci zaɓe zai taka daga inda labarin ya same shi har Abuja. A watan Afrilu na 2015 ya tashi daga Legas, ya yi tafiyar kimanin kilomita 750 cikin kwana 18. Masu lissafi su raba su gani: kusan kilomita 42 ke nan kowace rana, cikin zafin bazara. Ko mene ne ra'ayin mutum a siyasa, dole ya yarda wannan bawan Allah ya cika alkawarin da ya ɗauka, kuma cika alkawari abin yabo ne.

To amma me ya biyo baya? Ba a yi nisa ba sai ga masu tattaki ta ko'ina. Wannan ya taka don gwamna, wancan don sanata, wani don ɗan majalisa. Da yawansu ba wani alkawari suka cika ba, ido suka sa ga abin da za a miƙo musu a ƙofar gidan gwamnati. A nan ne muke ganin abin ya karkace. Idan saurayi mai jini a jika ya kwashe makonni yana jan ƙafa don wani babba ya ba shi 'yan kuɗi, to, ya mai da ƙarfinsa ƙoƙon bara. Wani mutumin jihar Gombe da ya taka zuwa Abuja a 2015, a shekarar 2020 jaridu suka ruwaito yana fama da ciwon ƙafa yana neman taimako, kafin gwamnatin jiharsa ta kai masa ɗauki. Shi ya yi sa'a an tuna da shi. Sauran fa?

Kada a ɗauka muna kushe masu irin wannan tafiya baki ɗaya. Akwai waɗanda suka nuna wa duniya yadda ake yin ta da ma'ana. A ƙasar Kanada, wani saurayi mai suna Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama saboda ciwon daji, ya fara gudu da ƙafar roba a watan Afrilu na 1980 don tara kuɗin binciken maganin wannan cuta. Ya yi kwana 143, ya ci kilomita 5,373, sannan ciwon ya kama huhunsa ya tilasta masa tsayawa. Ya rasu a 1981 bai kai inda ya nufa ba, amma har yanzu ana yin gudu kowace shekara da sunansa, ana tara kuɗi don masu ciwon. Kwanan baya kuma wani Bature ɗan Ingila, Russ Cook, ya ratsa nahiyarmu da gudu. Ya tashi daga kudancin Afirka ta Kudu a watan Afrilu na 2023, ya bi ta Nijeriya, ya isa Tunisiya a watan Afrilu na 2024, bayan kwana 352 da fiye da kilomita 16,000. Ya tara sama da fam miliyan 1 don ƙungiyoyin agaji. Abin lura, bai tafi shi kaɗai ba. Yana da abokan tafiya a mota masu kula da abincinsa da lafiyarsa, duk da haka 'yan fashi sun tare su a Angola, kuma ya sha jinya a hanya.

Daga waɗannan misalai muna ganin akwai tambayoyi uku da ya kamata duk mai sha'awar tattaki ya yi wa kansa.

Ta farko: wa zai amfana? In amsar ita ce "ni kaɗai, da hotona a waya", to gara a zauna a gida a taya iyaye aikin gona. Wahalar jiki ba ta zama alheri don kawai wahala ce. Abin da ta haifar wa jama'a shi ke ba ta daraja.

Ta biyu: an yi shiri? Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da ke Dutse mun san ranar Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 har duwatsu su yi ta huci. Mai tafiya a irin wannan rana yakan iya zubar da gumi lita guda cikin awa ɗaya, kuma tare da ruwan gishirin jiki ke fita. In ba a mayar ba sai ciwon kai da jiri su biyo, fitsari ya ragu, daga nan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ƙoda ma tana iya taɓuwa. Ga manyan motoci a kan titi, ga rashin tsaro a wasu hanyoyi. Daga nan zuwa Abuja ya haura kilomita 400. Yaron da ko zagaye filin ƙwallo sau goma bai taɓa yi ba, ya ce zai kama wannan hanya ba da sanin iyayensa ba, wannan ganganci ne.

Ta uku: me zai rage bayan an gama? Tafi yakan ƙare ranar da aka yi shi. Rijiya ko aji ko maganin marar lafiya su ne ke daɗewa.

Akwai kuma wani abu da muke so ɗalibanmu su duba da idon basira. Masu tattakin da suka fi kowa juriya suna tare da mu, ba wanda ke ɗaukar hotonsu. A ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu akwai yaran da ke takawa mai nisa kafin su isa makaranta. Mu ɗauka yaro yana tafiyar kilomita 5 zuwa, 5 dawowa. A kwanakin makaranta 180 ya taka kilomita 1,800, wato ya ninka tafiyar Legas zuwa Abuja har da ɗoriya, kuma shekara mai zuwa zai sake. Haka matan da ke ɗauko kaya a ka zuwa kasuwar Shuwarin, da 'yan matan da ke sammako neman ruwa da rani. Su ba su zaɓi wannan tafiya ba, dole ce ta sa.

Saboda haka ga shawararmu. Idan ƙafafunku na ƙaiƙayi, kada ku danne su, ku ba su aikin yi. A shirya tattakin yini ɗaya daga Dutse zuwa Kiyawa a lokacin sanyin hunturu, da izinin iyaye da hukumar makaranta, da rakiyar malamai da ma'aikacin lafiya da motar ruwa. A yi makonni ana atisaye kafin ranar. Kowane ɗalibi ya nemi 'yan'uwa da tsofaffin ɗalibai su yi alkawarin wani abu a kan kowace kilomita da ya taka. Abin da aka tara a sayi kekuna a ba yaran da ke zuwa makaranta daga nesa, a kuma karanta lissafin kuɗin a gaban kowa. Ta haka tafiyarku za ta rage wa wani tafiya.

Daga ƙarshe, muna tuna wa 'yan ajin ƙarshe cewa shekara shida da kuka yi a nan ita ma doguwar tafiya ce, kuma kun ga yadda aka yi ta: da kaɗan-kaɗan, kullum, ba tare da ganga ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba ku ƙafar tafiya, Ya kuma ba ku hankalin sanin inda za ku nufa da ita.