Jariri Ma Yana Jin Zafi

A manyan asibitocin Jos, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'a da ke Lamingo da na Jan Kwano, yau ana ceto bakwainin da a da sai dai a zuba masa ido. Wannan abin yabo ne. Amma jaririn da ke kwalba yana biyan ceton da jikinsa: a soki dunduniyarsa a ɗibi jini, a lalubi jijiya don ƙarin ruwa, a zura masa roba ta hanci, wani lokaci sau da yawa a yini guda.

An daɗe ana cewa jariri bai san zafi ba, kuma ba mutanenmu kaɗai suka faɗa wannan kuskure ba. A 1985 an yi wa wani bakwaini fiɗa a ƙirji a Washington ta Amurka ba tare da maganin kashe zafi ba, sai wanda ke hana motsi kurum. Uwarsa ta tayar da ƙura. A 1987 Dokta Anand da abokin aikinsa Hickey suka tattara hujjoji cewa jijiyoyin jin zafi suna aiki tun kafin haihuwa. A 2015 masana a Oxford ta Ingila suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai, suka ga sassa 18 cikin 20 da ke motsawa in babba ya ji zafi suna motsawa a nasu.

Abin mamaki, maganin ƙananan soke-soken nan ba ya bukatar kuɗin waje. Nonon uwa a lokacin allura, ko ɗigon ruwan sukari da nas ta auna, ko kwantar da yaro ƙirji da ƙirji da uwarsa, duk an tabbatar suna rage raɗaɗi. Na ƙarshen har ɗumi yake ba shi, abin da ba a rainawa a hunturun Jos. Ya kamata hukumomin lafiya su mai da wannan doka, a daina barinsa ga tausayin wanda ke bakin aiki.

Laifin gida kuwa ya fi nauyi. Allurar asibiti tana da dalili. Askar wanzami da ke cire beli a makon haihuwa ba ta da shi, ga zubar jini, ga haɗarin ciwon sanƙarau na tsatsa. Magidantan da ke neman abinci a Agege, da Sabon Ibadan, da Fatakwal su ne ke aiko kuɗin ragon suna, saboda haka ana jin maganarsu a gida. Wanda ya aika kuɗin, sai ya haɗa da saƙo cewa a yi aski, a bar wa yaro belinsa.