Baƙo ya ga ciyawa

Wata shekara mun yi baƙo a Dogon Dutsi, manomi ne daga ƙasar Faransa, yana da shanu a can ƙasarsu. Ya zo cikin watan Agusta, damina ta zauna. Aka kai shi Dallol Mawri, aka zaga da shi daga Matankari har Tibiri. Ya ga ciyawa kore shar, ya ga tabkuna cike, ya leƙa rijiya ya ga ruwa nan kusa. Sai ya kama baki. Ya ce da shi ke da wannan ƙasa, da ya kewaye babban fili da waya mai ƙaya, ya zuba shanu, ya yi gandun kiwo irin na Amurka.

Wasu sun ji daɗin maganar. Ni kam ban yarda da ita ba.

Baƙonmu bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Amma da ya dawo cikin Afrilu, da ya ga wata ƙasa daban. Ruwanmu wata uku ne ko huɗu. Bayan haka sai iska da rairayi. Saniyar da aka rufe cikin shinge, in ciyawa ta ƙare, ina za ta? Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Garken da ya tashi da wuri ya yi kudu, shi ya fi tsira.

Sannan wane fili za a kewaye? Dallol ɗin nan gonakin hatsi ne da wake da gujiya, kowane taku da mai shi. Dajin da ake gani kamar babu kowa, nan Fulani ke sauka, nan mata ke itace. In mutum guda ya sa waya, ya toshe burtali, shanu sai su faɗa gona. Mun san abin da ke biyo baya: sanda da takobi, sai gaban alƙali.

Gaskiya ne akwai gandun shanu a Nijar. Ga na Tukunus kusa da Filinge, inda ake kiwon shanun Azawak masu nono. Amma wannan na gwamnati ne, don gyaran iri aka yi shi, da ma'aikata da likitocin dabbobi. Talaka ba ya iya wannan. Doka ma ta san da haka. Tun 1993 akwai dokar karkara, kuma dokar kiwo ta 2010 ta ce yawo da bisashe haƙƙin makiyayi ne.

Abin da baƙon bai lura da shi ba yana bayan ɗaki. Kiwon turke nake nufi. Mace ta sayi ramammen ɗan maraƙi ko rago bayan kaka, ta ba shi harawa da dusa da ƴaƴan gawo da ɗan kanwa. Bayan ƴan watanni ta kai shi kasuwa, ƴan Najeriya su zo su saya da daraja. Takin kuma ya tafi gona. Ba ta kori kowa daga filinsa ba.

To, in akwai mai kuɗin sayen waya, ni shawarata ya kawo su nan: a gina rijiyoyin shayarwa bakin burtali, a kafa duwatsun iyaka kowa ya san inda hanyar shanu ta bi, a yi rumbun dusa don bazara, a kawo allurar rigakafi kan lokaci. In baƙonmu zai sake zuwa, mu roƙe shi ya zo da rani.