Tukunyar Safe Da Cinikin La'asar

A cikin watan Nuwamba na 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Sakkwato ta ba da labari cewa ciwon amai da gudawa ya kashe mutum 25 a ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa, da Silame, da Kware. Unguwar Gidan Igwai tana cikin ta farkon su. Gabanin wannan, a shekarar 2021, kwalara ta kama mutum fiye da 111,000 a Nijeriya, fiye da 3,600 suka riga mu gidan gaskiya, Sakkwato kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wannan cuta ta baki take shiga, cikin ruwa ko abinci. Saboda haka lalle ne a dubi tukunyar masu dafawa domin sayarwa.

Dalili kuwa, jama'a da yawa a Gidan Igwai, kamar leburori, da 'yan tireda, da almajirai, da baƙin da suka zo fatauci, ba daga tukunyar gida suke ci da rana ba. Wurin mai tuwo-tuwo suke zuwa, ko mai shinkafa da wake, ko mai fura, ko mai balangu. Idan tukunyar gida ta ɓaci, gida guda ta shafa. Idan ta mai sayarwa ta ɓaci, sai ta ratsa gidajen da ba su san juna ba.

Likitoci sun bayyana cewa akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani, masu hayayyafa a cikin dafaffen abinci muddin zafinsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60. Idan sun sami yadda suke so, cikin minti 20 sai guda ta zama biyu, watau cikin sa'a bakwai guda ɗaya ta haura miliyan biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi horo kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. To, a Sakkwato da bazara zafin gari yakan haura digiri 40. Shinkafar da aka sauke da hantsi, aka rufe a cikin roba, ana ɗiba har la'asar, ta daɗe da ƙetare haddi. Wata ƙwayar da ke zama cikin shinkafa tana barin dafi wanda ɗumame ba ya kashewa. Firji ma ba abin dogara ba ne inda wuta ke zuwa tana komawa, gama naman da ya narke ya sake daskarewa sau da yawa kamanninsa kaɗai suka rage.

Abin da ya fi wuya cikin al'amarin shi ne, ɓacin da ke kwantar da mutum sau da yawa ba ya wari, ba ya yami, ba ya sake launi. Mai saye yana iya ƙwanƙwasa ƙwarya, yana iya duba haƙoran rago, amma ba shi da hanyar sanin sa'ar da aka sauke miya, ko hannun da ya tuƙa tuwo ya ga sabulu. Mai dafawa kaɗai ya sani. Aibin da mai kaya ya sani, mai saye bai sani ba, malamai sun san babinsa. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya iske jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama, ya yi hani ga algus. Zuba miyar jiya cikin ta yau ɗan'uwan wannan ne. Littattafan hisba ma ba su bar masu dafuwa ba: Shaizari, a cikin Nihayatur Rutba, ya ɗora wa muhtasibi ya sa su wanke tukwanensu da ruwan zafi, su rufe su saboda ƙuda.

Masu sana'ar suna da uzuri abin saurare. Shinkafa da mai da itace sun yi tsada, ribar yini kuwa takan kasance a cikin ɗan abin da ya rage a gindin tukunya. Wanda aka ce ya zubar da shi, jarinsa aka ce ya zubar. Amma maganin wannan yana ga awo tun da safe. Mai tuwon da ta san cinikinta, ta raba sanwa biyu, ɗaya da hantsi ɗaya da azahar, za ta ƙara itace kaɗan, ta rage kwantai. Miya ta zauna bisa garwashi tana turiri har a ƙare. Wuƙa da katakon ɗanyen nama kada su taɓa gasasshe. Ruwan wankin kwanuka a riƙa sake shi, randa ta kasance a rufe da moɗarta guda. Ma'aikacin da ke gudawa a sallame shi har ya warke, kada a yanke masa lada, domin wanda ke tsoron rasa kuɗin yini ɓoye ciwonsa zai yi.

Wurin ajiya ma abin lura ne. A watan Agusta na 2021, a ƙauyen Danzanke cikin ƙasar Isa, mutum 24 'yan gida ɗaya sun rasu bayan an zuba gishirin lalle cikin abinci a zaton gishirin miya ne. Taki da maganin ƙwari ba su da wurin zama kusa da kayan miya.

'Yan duba-gari suna da aikinsu, amma ba su isa su tsaya bisa kowace tukunya ba. Sarkin Pawa, da shugabannin 'yan kasuwa, da mai unguwa sun san kowane mai murhu da sunansa. Idan suka yi ittifaƙi a kan sa'ar sauke abinci da sa'ar janye shi, limamai kuma suka ambaci hukuncin ɓoye aibi a wurin karatu, mai gaskiya ba zai yi hasara shi kaɗai ba alhali maƙwabcinsa yana sayar da kwantai. Ya kamata a ƙulla wannan shawara tun ruwan damina bai sauka ba.

Allah ya kiyashe mu da cuta, ya sa albarka cikin nema. Wassalamu.