Turancin Aiki: A Auna Mu Kafin A Tura Mu Kos

Yau ina so mu taɓa wata magana wadda ba mu cika son a ta da ita a cikin jama'a ba, watau maganar Turancin da mu ke neman abinci da shi a wuraren aikinmu.

Abin da ya sa na ɗauko ta kuwa, kwanan baya ne wata abokiyar aikina ta same ni a gida nan Boɗinga bayan la'asar. Da muka gaisa sai ta ce, “Malama, don Allah duba mini wannan,” ta zaro wata takarda da aka aiko daga ofis. Takardar ta yi kusan mako biyu a cikin jakarta. An ce ne kowane ma'aikaci ya kai takardunsa a duba kafin rana kaza, ita kuwa ta ɗauka ranar nan ce za a fara karɓa, alhali ranar rufewa ce, ga shi har ta wuce da kwana uku. Baiwar Allah nan ta shekara tara tana koyarwa, tana kuma da takardar shaidarta. Kowace kalma ta iya karanta ta, ma'anar jimlar ce ta kuɓuce mata. Sai da albashinta na wata biyu ya tsaya kafin a warware maganar. Da na ce, “Haba Yaya, me ya hana ki nuna wa wani tun da wuri?” sai ta sunkuyar da kai ta ce kunya ta ji, kada a ce malama guda ba ta jin Turanci.

To, 'yan'uwa, kada wadda ta yi mata dariya, domin irinta muna da yawa. Ra'ayina a nan shi ne, ya kamata a riƙa auna Turancin ma'aikata, mata da maza, a san abin da kowa ya iya da abin da aikinsa ya ke bukata, sa'an nan a shirya masa kos daidai da wannan bukata. Amma fa awon ya zama irin na likita, wanda ya ke auna majiyyaci domin ya san maganin da zai ba shi.

Ki lura, Turancin cin jarrabawa daban, Turancin aiki daban. Yarinya ta kan sami kiredit a jarrabawar WAEC ko NECO, ta haddace ka'idojin nahawu, amma in aka ce ta rubuta wasiƙar neman hutun haihuwa sai alƙalami ya tsaya. Takardar shaida tana faɗa mana abin da mace ta iya ne a ranar da ta zauna jarrabawa, watakila shekara goma da suka wuce. Harshe kuwa kamar wuƙa ne, in an ajiye shi ba a amfani da shi sai ya yi tsatsa. Mu nan Hausa mu ke yi a gida da kasuwa da wurin biki, har ma a ofis, Turanci sai in takarda ta zo.

Har ila yau, kowane aiki da irin Turancinsa. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani ba ta bukatar dogon jawabi, amma tilas ne ta bambance ranar da aka yi magani da ranar da zai lalace a jikin kwali, ta san adadin da za a ba jariri da na babba, ta cika katin awon ciki, ta kuma iya rubuta 'yar takarda in za ta tura mai naƙuda babban asibiti a Sakkwato, yadda likitan da ya karɓa zai gane nan take. Kuskuren layi ɗaya a nan rai ne. Akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ita tata bukatar rubuta wasiƙa ce da ɗaukar bayanin taro da sanin yadda a ke sa hannu a fayil. Yarinyar da ke zaune da na'urar POS a bakin titi, wadda sana'arta ta bunƙasa tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, abin da ya dame ta shi ne ta gane saƙon da na'ura ta fitar: kuɗin sun tafi, ko suna hanya, ko an mayar da su. In ta kasa bambancewa, daga jarinta za ta biya. Malamar makaranta kuwa nauyinta ya fi na kowa, domin duk kuskuren da ta yi a allo, yaran aji duka za su kwafe shi su kai gida.

Yanzu ki duba abin da a kan yi in an ce za a ba ma'aikata horo. A tara malama da ungozoma da akawu a ɗaki ɗaya kwana uku, a kawo wani masani daga birni ya yi ta bayani, a raba takarda da kuɗin mota, kowa ya watse. Ba a tambayi kowa inda ke yi masa ciwo ba tun farko, ba a kuma dawo an duba ko ya warke ba. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya gwada mai riga.

Na san abin da wadansunku za su ce: “Malama, ai awon nan tarko ne, ba ki ga abin da ya faru a Kaduna ba?” Na gani. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta ba malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Gaskiya ɗaya ce, ba uwar da za ta so a ba ɗanta malamin da bai iya abin da ya ke koyarwa ba, kuma hakkin yaran nan yana wuyanmu. Amma abin da ya zauna a zukatan ma'aikata tun daga ranar shi ne, in ka ji an ce jarrabawa, to, takardar sallama na tafe. Wanda ya ke tsoro kuwa ɓoye rauninsa zai yi, kamar dai abokiyar aikin nan tawa.

Akwai wata hanya. Tun a 2008 Jihar Kwara ta auna malamanta na firamare, ita ma da aikin 'yan aji huɗu, sakamakon kuma bai yi daɗin ji ba ko kaɗan. Amma sunan da aka ba awon ma, na gano bukatun malamai ne, kuma abin da ya biyo baya shi ne shirin horarwa, da taimakon shirin nan na ESSPIN wanda Gwamnatin Ingila ta ba da kuɗinsa. Ma'auni iri ɗaya ne, niyya ce ta bambanta. Irin na Kwara na ke roƙa mana.

Kada kuma ki ɗauka awo ƙasƙanci ne da a ke yi wa ƙananan ma'aikata kaɗai. Matuƙan jiragen da ke ɗibar alhazanmu daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, nan kusa da mu, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, watau ICAO, ta yanka musu matakai 6 na Turanci, kuma sai mutum ya kai mataki na 4 kafin ya yi aikin ƙasa da ƙasa. Wanda bai kai na 6 ba, bayan 'yan shekaru a kan sake auna shi. Haka nan ma'aikaciyar jinya da ke son aiki a Ingila, ɗaya daga cikin jarrabawar da a ke karɓa ita ce OET, inda za a sa ta yi magana da wani a matsayin majiyyaci, a kuma ba ta bayanin mara lafiya ta rubuta wasiƙa a kansa. Kin ga ke nan abin da a ke aunawa shi ne aikin da hannunta zai yi gobe.

To, kafin hukuma ta motsa, ke fara auna kanki. Harshe ƙofa huɗu gare shi: ji, da magana, da karatu, da rubutu, kuma ba lalle ne a ce duka a buɗe su ke daidai ba. Da yawa daga cikinmu muna ji sarai, muna karantawa, amma baki da alƙalami sun yi nauyi. Ki sami littafin rubutu, ki yi mako ɗaya kina rubuta duk inda Turanci ya tare ki a wurin aiki: fam ɗin da kika cika, saƙon banki da ya shigo wayarki, baƙon da ya zo duba aiki, takardar da aka liƙa a allon sanarwa. Gaban kowanne ki sa alama, ko kin yi shi ke kaɗai, ko sai da aka taimake ki, ko kuwa kin kauce masa. Ran Juma'a ki zauna ki duba. Wuraren da kika kauce wa, su ne darasinki na farko. Daga nan ki nemi wadda kika amince da ita, ki ɗauko takarda ta gaske daga wurin aikinku, ki karanta, ki faɗa mata ma'anarta da Hausa. In kin iya mayar da ita Hausa ba tare da kin zubar da kome ba, to, kin gane ta. Mata huɗu ko biyar da ke aiki iri ɗaya suna iya haɗuwa sa'a ɗaya a mako a gidan ɗayarsu, kamar yadda mu ke haɗuwa don adashi. Tambaya, in ji Hausawa, rabin ilmi ce.

Ga shugabanninmu na ilmi da na lafiya a Boɗinga da Shagari da jiha baki ɗaya, roƙona huɗu ne. Na ɗaya, a faɗa a rubuce tun farko cewa awon na horo ne, kuma sakamakon kowa sirrinsa ne. Na biyu, a auna mutum da takardun aikinsa na yau da kullum. Na uku, a raba aji bisa ga sana'a da mataki, a kuma kawo kos ɗin kusa, a lokacin da matar aure mai goyo za ta iya zuwa, domin kos na mako biyu a birni, rabin mata a gida zai bar su. Muna da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ga kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, wadda tun 1976 aikinta ke nan horar da malamai suna bakin aikinsu. Na huɗu, bayan wata shida a dawo a sake aunawa. Wadda aka ba dama sau biyu, sau uku, ta ƙi motsawa, ita ta ja wa kanta, ba kuwa zan tsaya mata ba.

Maganar ta ƙara nauyi a kanmu malamai, domin a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin 2022 na koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ya ce a koma Turanci. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tambayar da ta rage ita ce, an auna Turancin malamar da za ta tsaya gaban aji kuwa?

Kada wata ta ce ina raina Hausa. A Sifawa, nan ƙasarmu, Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana duban wanda zai saurara kafin ta zaɓi harshe, ta kuma tura jajinta ƙauyuka su koyar da mata da harshen da su ke ji. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, malamin makaranta ne tun farko, ya yi mulki da Turanci, ya kuma rubuta Waƙar Nijeriya da Hausa. Ma'aikaciyar ƙwarai ita ce wadda za ta karanta kwalin magani da Turanci, ta juya ta yi wa uwar yaro bayani da Hausa mai daɗi.

Ku kuma 'yan mata na makaranta, ƙannena, ku ji da kyau. Amsar da aka ba ki a ɗakin jarrabawa ba za ta bi ki ofis ba. Ki saba da rubuta wasiƙa da hannunki, ki cika fam da kanki, in an yi tambaya a aji ki ɗaga hannu ko da za ki yi kuskure. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Ga masu gida kuma, ina roƙonku da girmamawa, in uwargida ta ce za ta je darasi sa'a ɗaya, a yi mata izini, a kuma daina yi mata dariya in ta yi tuntuɓen harshe. Albashin da ta tsare, gidanku zai shigo.

Ita abokiyar aikin tawa, yanzu duk ran Asabar da hantsi mu kan zauna mu huɗu a tsakar gidana, kowa da takardar da ta zo mata a makon. Satin da ya wuce ita ce ta gyara mini wata jimla a wasiƙar da na rubuta. Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya kuma ba mu ikon tambaya, amin.

Taku har kullum,
Malama, daga Boɗinga.