Daga Sharja zuwa Sokode: lokaci ya yi da za mu girka muryoyinmu

A shekarar 2019, 'yan Najeriya biyu suka lashe kyautar baje kolin fasaha da ake yi duk bayan shekara biyu a birnin Sharja na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ɗaya ita ce Otobong Nkanga, haifaffiyar Kano, ɗayan kuma Emeka Ogboh, ɗan Inugu. Ba zane suka rataya a bango ba. Wani tsohon kango suka samu, suka haƙa ramuka a tsakar gidan, suka cika su da ruwan teku, suka girka lasifikoki. Da ka shiga, sai ka ji yaran Sharja suna rera waƙar ruwan sama ta gargajiyarsu, tana sarƙe da muryar Nkanga. Wannan ita ce fasahar girke: a shirya wuri da kaya da sauti da haske, mutum ya shiga da ƙafarsa ya ji a jikinsa.

Tun da na san wannan aiki nake tambayar kaina: mu nan Sokode fa, me muke jira?

Garin nan a kan tsohuwar hanyar fatauci ya tashi, wadda fatake ke bi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja saro goro. Unguwar Didaure shaida ce. Duk wanda ya taɓa halartar bikin Adosa a watan Mauludi ya san abin da kunne ke ji: ganguna, kofatan dawakai, yabon Annabi, ga Kotokoli da Hausa da Larabci suna cuɗanya a fili ɗaya. Kayan aikin ai muna da su. Abin da ya rage shi ne mai naɗa da mai girkawa.

Dalilina na farko shi ne tarihi. Hulɗarmu da Larabawa a yau kusan ta tsaya a aikin Hajji, gurbin karatu da ginin masallaci, su ne masu bayarwa, mu ne masu karɓa. Amma kiɗa yana ba da wani labarin daban. Algaitar da ake busa wa sarakunanmu daga Magrib sunanta ya zo. Haka nan a kiɗan Ginawa na Maroko da Sitambeli na Tunusiya, har gobe akwai ragowar kalmomin Hausa da burbushin bori. Ta yaya suka isa can? Akasari a bakin bayin da aka ƙetara Sahara da su. Wannan magana ce mai nauyi da ba a cika yin ta a taron jami'ai ba, ga shi kuma ba ta wuce ba: a 2017 duniya ta ga bidiyon yadda ake gwanjon baƙar fata a Libiya. Ɗakin da za a haɗa gurmin Bahaushe da gimbirin Bamaroke, Balarabe da ɗan zango su tsaya kafaɗa da kafaɗa su saurara, zai buɗe zancen ba tare da zagi ba.

Na biyu, siyasar gida. Ogboh ya nuna a Benis a 2015 yadda sauti ke iya yin tambaya, lokacin da ya sa 'yan Afirka mazauna Balin suka rera taken Jamus a harsunan Afirka goma. Mu da Jamus ta mulka daga 1884 zuwa 1914 mun fi kowa gane inda ya dosa. Sokode ma tana da nata tabon, tun zanga-zangar 19 ga Agusta 2017 da abin da ya biyo baya. Dapaong kuwa tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2022. Akwai iyaye mata da ba wanda ya taɓa tambayar su abin da suka gani. Murya a lasifika ba ta buƙatar nuna fuska.

Na san wani zai ce, ana fama da tuwo wa ke ta kiɗa? Wani malamin kuma zai ce sharholiya ce. Ina girmama damuwarsu. Sai dai abin da nake nufi adana tarihi ne, ba gidan rawa ba, kuma kuɗinsa bai kai na ƙaramin biki ba: wayar hannu mai kyau, lasifika huɗu da soron wani tsohon gida.

Tun 2019 aka mayar da tsohuwar fadar gwamna a Lome cibiyar fasaha, amma arewa shiru. Don haka ina kira ga sarakunan zango, hukumomin gari da matasanmu masu ɗakunan naɗar waƙa: ku fara zagayawa wurin tsofaffin makaɗa da masu bege tun suna raye. A naɗa, a adana, a girka a Didaure, sannan a gayyato makaɗan Maroko da Tunusiya su zo su ji. In muka yi sake, wata rana sai mun sayi tikitin jirgi kafin mu ji muryar kakanninmu a ɗakin baje kolin wasu.