UWAR INJUNA: ABIN DA INDIYA TA GANE

Ƴan'uwa na rassan jam'iyya, ku saurara!

Kullum masu manyan riguna suna ce mana: me zai sa ƙasa matalauciya ta wahalar da kanta da ƙera inji, alhali ga shi can Turai an gama, sai a saya? Mu kuwa mun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai injin da ya fi kowane inji. Shi ne mai juya ƙarfe yana fere shi, mai huda shi, mai yanka haƙoran giya daidai da awo. Ba ya niƙa hatsi, ba ya ɓare gyaɗa, amma duk injin da ke yin waɗannan daga cikinsa ya fito. Uwar injuna ke nan. Ƙasar da ba ta da ita, ran da ƙarfe guda ya karye, sai ta zauna jiran jirgin ruwa, ta biya kuɗin da mai kaya ya yanka.

Ku dubi Indiya. Ta karɓi mulkin kai a 1947. A 1953 gwamnatin Nehru ta kafa kamfanin HMT a Bangalor don ƙera irin waɗannan injuna. Ba ta ji kunyar koyo ba: ta ɗauko gwanayen kamfanin Oerlikon na Suwizalan, ƴaƴanta suka tsaya kusa da su har hannunsu ya faɗa. Ma'aikata ɗaya ta haifi wasu a Pinjor, da Kalamasari, da Haidarabad. A 1961 suka shiga ƙera agogo, a 1971 suka shiga ƙera tarakta. Har ta kai a 1980 Nijeriya, maƙwabciyarmu, da za ta kafa tata ma'aikatar a Oshogbo, da HMT ta haɗa hannu. Almajirin jiya ya zama malami!

Za su ce: ai HMT ta durƙushe, an rufe sashen agogonta a 2016. Gaskiya ne, ba mu ɓoye ba. Da Indiya ta buɗe kasuwarta a 1991, kamfanin da ya saba babu abokin takara ya kasa gudu. Wannan gargaɗi ne ga duk mai riƙe da dukiyar jama'a. Amma ina maƙeran da aka horar? Sun watsu, ilmin yana hannunsu, kuma Bangalor har yau cibiyar ƙera waɗannan injuna ce. Ana rufe ƙofar kamfani, ba a rufe abin da hannu ya iya.

Saboda haka duk wanda ya zo kasuwarku neman ƙuri'a yana alkawarin injuna, ku tambaye shi: wa zai ƙera kayan gyaransu? Ƴaƴan maƙeranmu nawa za a koya wa awo da fere ƙarfe? In ya yi shiru, kun san shi.

A karanta wannan a taron reshe, a miƙa wa na gaba.