Mudu Biyu A Kasuwa Ɗaya

A Amurka ɗaliban jami'o'i suna da wani irin wasan ƙwallo nasu, wanda ake rungumar ƙwallon a sheƙa da shi, ko a jefa wa ɗan'uwa. Daga 2014 zuwa 2023 wani kwamiti na mutum 13 shi ke zaɓen jami'o'i huɗu da za su kara don a fid da zakaran ƙasa. Hukuncin da ya yanke ran 3 ga Disamba, 2023, shi ne har yau bai kwanta mana ba.

Ga yadda aka yi. Ran 25 ga Nuwamba Jami'ar Alabama ta je gidan maƙwabciyarta Auburn, aka tasam ma ka da ta. Saura ƙasa da minti guda, kuma dama ɗaya tak ta rage musu, sai mai jefa musu ƙwallo, Jalen Milroe, ya wurga daga nisan yadi 31, Isaiah Bond ya cafe. Aka tashi 27 da 24. Auburn ɗin nan kuwa sati guda kafin nan ta sha kashi a gidanta, 31 da 10, a hannun Jami'ar Jihar New Mexico.

Mu ba mu raina wannan nasara ba. Wanda ya ci da ƙyar ya dai ci, balle da Alabama ta ƙara da ka da Jojiya, ita ma 27 da 24. Amma in cin wasa shi ne mudu, ina laifin Jami'ar Jihar Fulorida? Wasa 13 ta yi, ta cinye duka, alhali kuwa Teksas ta riga ta ka da Alabama tun cikin Satumba. Duk da haka Alabama aka ɗauka, aka bar Fulorida, don mai jefa mata ƙwallo, Jordan Travis, ya karye a ƙafa, wai ƙarfinta ya ragu. Watau an auna ɗaya da abin da ta yi, ɗaya da abin da ake zato za ta yi. Malaminmu da ya hana yaro sakamakon jarrabawar da ya ci, don yana tsammanin zai faɗi ta gaba, ai sai ya amsa tambaya gaban hukuma.

Masu goyon bayan kwamiti sukan kafa hujja da cewa daga baya Jojiya ta lallasa Fulorida 63 da 3. Sun manta da yawa daga manyan 'yan wasanta ba su shiga wannan wasa ba, tun da an riga an rufe musu ƙofa. Ita Alabama kuma Mishigan ta fid da ita, 27 da 20, ran 1 ga Janairu, 2024.